Abin Da Ya Tsinka Kokon Inna

Da kakar bara ina zagayen gonaki a Rawayya, na sauka a zauren wani manomi da muke aiki tare. Muna cikin lissafin dammunan geronsa, sai wata dattijuwa maƙwabciyarsa, mai sayar da koko, ta aiko wai tana son ganin malamin gona. Na je, muka gaisa. Ta ce, "Malam, shekara ashirin ina dama koko bai taɓa ƙi mini ba. Yau kwana uku ke nan, in na kwara tafasasshen ruwa a gasara sai ta kama sarai, amma kafin yarinya ta kai bakin hanya ya tsinke ya koma ruwa. Masu saye sun fara gudu. An ce mini baki ne."

Na ce, "Inna, a ɗebo mini geron in gani."

Aka kawo a faifai. Na baza shi a rana, sai ga ƙwayoyi da yawa da ɗan busasshen tsinke a hancinsu. Ashe ruwan sama ne ya sami geron a ƙasa bayan an girbe shi, ya fara tsira, mai shi ya shanya, ya sussuke, ya kai kasuwa. Na ce mata ta sake gero, wannan kuwa kada ta zubar, ta ajiye shi, yana da nasa aiki. Kashegari koko ya koma yadda yake.

To, jama'a, wannan abin da ya ɓata wa Inna ciniki shi ne darasinmu na wannan mako. Gama shi ɗin ne manyan masana'antu ke saye da kuɗi mai yawa, shi ne kuma zai iya ƙara wa yaron da ake yayewa ƙarfi ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Mene ne cikin ƙwayar hatsi?

Mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar gero ko dawa ko masara sitaci ne, watau farin abin nan da ke kwantawa a gindin ƙwarya in an tace ƙullu. In kun auna dawa mudu 10, wajen mudu 7 duk sitaci ne. Shi kuwa sitaci asalinsa sukari ne. Mai karatu zai ce, in sukari ne, don me gari ba shi da zaƙi? Ga dalili. Ku dubi duwatsun wuya da mata ke shiryawa a zare. Ko wane dutse ɗaya shi ne ƙwayar sukari, wanda likitoci ke kira gulukos. Shuka ba ta ajiye su a warwatse, sai ta shirya su a zare, ɗaruruwa har dubbai a sarƙa guda, wata miƙaƙƙiya, wata mai rassa. Harshe ba ya jin zaƙin doguwar sarƙa, sai gajera ƙwarai. In kuma aka dafa dogayen nan cikin ruwa, sai su kumbura su sarƙe da juna su riƙe ruwan. Wannan shi ne kaurin kunu, shi ne kuma taurin tuwo.

Masana suna kiran doguwar sarƙa folisakarayid. In an yayyanka ta guntu-guntu, ko wane guntu dutse 3 zuwa 10 ko kusa da haka, sai su kira guntayen oligosakarayid. Kada sunayen su ba ku tsoro, daga harshen Girka aka aro su, na farko ma'anarsa sukari mai yawa, na biyu sukari kaɗan. Mu a nan za mu ce doguwar sarƙa da guntuwar sarƙa.

Ƙwayar hatsi ta tara sitacin nan ne don ɗan tsiron da ke kwance a hancinta, guzurinsa ne kafin ya fitar da ganye. Amma tsiro ba ya iya shan doguwar sarƙa. Saboda haka da ƙwaya ta sha ruwa ta farka, sai ta ƙera wani abu mai aikin almakashi, ya shiga yanka. Ba a ganinsa da ido, ba shi da rai, kuma ba ya ƙarewa don ya yi yanka, ɗan kaɗan ya isa ya bi tukunya guda. Sunansa enzayim. Wanda ke yankan sitaci shi ake kira amiles. In aka shanya tsiron a rana ya bushe, almakashin nan ba ya lalacewa, kwantawa yake yi, ran da ya gamu da dafaffen sitaci mai ɗumi sai ya tashi. Abin da ya faru cikin kokon Inna ke nan.

Akwai irinsa cikin bakinmu. Ku tauna lomar tuwo ba miya, ku daɗe ba ku haɗiye ba, za ku ji ta fara zaƙi. Shi ya sa kunun da aka yi ta mai da cokalin da aka lasa a ciki yakan tsinke. Tsofaffi da ke hana yara wannan ba camfi suke yi ba.

A 1833 ne waɗansu masana biyu a birnin Paris na Faransa, Payen da Persoz, suka ware shi daga tsiron sha'ir. Kalmar enzayim kuwa wani Bajamushe mai suna Kühne ya ƙaga ta wajen 1877.

Hikimar masu kunun zaƙi

Nan ne nake son mu daɗe kaɗan, don na koyi abin a makarantar aikin gona da allo da alli, amma ban fahimce shi sosai ba sai da na zauna na kalli masu kunun zaƙi a Gusau.

Almakashin sitaci iri biyu ne. Na farko, alfa, yana faɗa wa sarƙa ta tsakiya, ko'ina ya samu ya datse. Yanka kaɗan ya isa ya wargaza sarƙaƙiyar, sai kunu ya saki nan da nan, amma zaƙinsa bai taka kara ya karya ba, don guntayen da sauran tsawo. Na biyu, bita, ba ya shiga tsakiya. Daga bakin zare yake bi yana cire duwatsu biyu-biyu, waɗannan kuwa su ne masu zaƙi. Watau ɗaya mai tsinkawa, ɗaya mai zaƙaƙawa, kuma na farko shi ke buɗe wa na biyu bakunan da zai kama.

To, tsiron dawa yana da na farko da yawa, amma na biyu ya yi masa ƙaranci in an gwada shi da sha'ir. Ina ake samun na biyu a ƙasarmu? Cikin dankali. Dankalin Hausa yana cike da shi, shi ya sa gasasshen dankali ya fi ɗanye zaƙi nesa. Yanzu ku tuna abin da mai kunun zaƙi ke haɗawa wajen niƙa: busasshen dankali, wata kuma ta ƙara da tsiron shinkafa ko na dawa. Ba wanda ya karanta mata alfa da bita, amma ta haɗa su daidai.

Saura maganar zafi, ita ce mai wuya. Almakashin nan ba ya cin ɗanyen sitaci sai da ƙyar, sai wanda ya dahu ya kumbura. Sitacin dawa ba ya dahuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya ɗara, a ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100. Shi kuwa almakashin, musamman mai zaƙin, ya fi son 55 zuwa 65, in an wuce 70 sai ya fara lalacewa, tafasa kuwa kashe shi take yi ɗungum. Kun ga matsala: zafin da zai dafa sitaci shi zai kashe mai yankan sitaci.

Yaya mai kunu ke yi? Sai ta raba ƙullunta biyu. Kashi mai yawa ta kwara masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya ɗan huce. Ƙaramin kashi, wanda ke da dankali da tsiro, ta bar shi ɗanye. Sa'an nan ta juye ɗanyen cikin dafaffen, ta motsa, ta rufe ya kwana. Da safe ya tsinke, ya yi zaƙi, ya ɗan yi tsami, sai tacewa. Wadda ta yi gaggawa ta zuba tun yana tururi, kununta zai fito salam, sai ta cika shi da sukarin kanti, riba ta tafi. Wadda ta bari ya yi sanyi ƙalau, tsami zai riga zaƙi isowa.

Masu manyan injuna sun ci karo da wannan matsala a 1988. A shekarar ce gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje, alhali da shi kamfanonin giya da na lemon malt irin su Maltina ke aiki. Dole suka juyo kan dawa. Sitacin sha'ir yana dahuwa da ɗan zafi kaɗan, tukunya ɗaya ta isa a dafa a yanka. Da suka yi wa dawa haka, sai ta ƙi. Hanya ɗaya da masana suka nuna ita ce a jiƙa garin tsiron, a tsiyaye ruwan sama mai ɗauke da almakashi a ajiye gefe, a dafa na ƙasa, a bar shi ya huce, a mai da ruwan. In ba hanyar mai kunun zaƙi ba ce wannan, ku gaya mini mece ce. Hanya ta biyu ita ce sayen almakashi na kwalba. Tun a 1894 wani mutumin Japan, Takamine, ya yi rajistar hanyar samunsa daga wata irin fumfuna, a 1973 kuma kamfanin Novo na Denmark ya fito da wani mai suna Termamyl wanda ke aiki ko zafi ya haura digiri 90. Daga wata ƙwayar halitta ake samunsa, dangin wadda ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Daga baya an ɗage hanin nan na sha'ir, amma dawa ta riga ta sami gindin zama, kuma iri mai suna SK 5912, gajerar kaura da aka fitar a Samaru ta Zariya, ta yi suna wajen wannan aiki.

Saboda haka, 'yan kasuwar Tsafe da Gusau masu tara dawa, ku lura. Mai sayen dawa don tsiro ba nauyi kaɗai yake saye ba, rai yake saye. Ƙwayar da ƙwari suka cinye hancinta, ko wadda aka ɗura a buhu da danshi ta yi zafi, ba za ta tsira ba ko ta cika mudu. Gwajin ba wuya. Ku ƙirga ƙwaya 100, ku jera a jiƙaƙƙen tsumma, ku rufe, ku riƙa yayyafa ruwa kwana 3 zuwa 4. In 90 ko fiye suka tsira, kayanku sun isa a yi magana. Manomi ma haka ya kamata ya gwada irinsa kafin ruwan shuka.

Kunun yaro

Ga inda na fi son matan gida su ji, masu karatu ku karanta musu.

Likitoci sun ce a ba jariri nono zalla wata 6, daga nan a haɗa masa da abinci. Abincin farko a gidajenmu kunu ne ko koko. Yaro ɗan wata 7 ba ya iya haɗiye mai kauri, sai uwa ta ƙara ruwa har ya zama salala. Cikinsa kuwa bai wuce ɗaukar ƙaramin kofi guda ba a zama ɗaya. Irin wannan kunu, in an raba shi kashi 10, kashi 9 ko fiye ruwa ne. Yaro ya sha ya ƙoshi, cikinsa ya yi tim, amma ruwa ya sha. Wata biyu, wata uku, sai ka ga wuya ya sirance, a ce haƙori ne, a ce shawara ce. Na ga wannan a gidajen da rumbunsu ke cike da hatsi, kuma shi ya fi ba ni takaici.

Maganin shi ne a tsinka kunun da almakashi maimakon ruwa. A dama shi da kauri ƙwarai, gari ninki biyu ko uku na yadda aka saba, har cokali ya tsaya a ciki. A sauke, a bar shi ya ɗan huce, yadda za a iya tsoma tsabtataccen yatsa a cire ba a ƙone ba amma da zafinsa. Sa'an nan a barbaɗa garin tsiro ƙaramin cokali 1 ga kofi guda, a motsa. Kafin minti 10 za ku ga abin mamaki, kunun da ya yi kamar tuwo ya saki yana zuba, alhali ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba. Duk abincin yana nan ciki, sarƙar ce kawai aka guntule. Kofin nan guda yanzu ya ɗauki abin da kofi biyu ko uku na da ke ɗauka. An gwada wannan a Tanzaniya, inda suke kiran garin kimea, da kuma Baroda ta ƙasar Indiya, tun shekarun 1980.

Bayan ya tsinke, a mai da shi wuta ya tafasa sau ɗaya, don garin tsiro ɗanye ne, yana iya ɗauke da ƙazanta. In za a sa tsamiya ko lemon tsami, sai a ƙarshe, gama tsami yana raunana almakashin, shi ya sa dabarar ta fi ci a kunun sabon gari bisa kokon da ya kwana ya yi tsami. Kuma kada a ɗauka tsiro ya gama kome. Ƙarfi ya ƙara, bai kawo abin gina jiki ba. A sa gyaɗa ko garin waken soya, ko ɗan mai, a ci gaba da ba da nono.

Yin garin kuwa haka ne. A sami gero mai kyau, a tsince, a wanke, a jiƙa ya kwana. A tsiyaye, a baza a tsabtataccen buhu a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen zane, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana 2 ko 3 tsiro ya fito. A shanya a rana ya bushe ƙayau, a murtsuke shi da tafin hannu, a sheƙe saiwoyi da tsinken su fita, a niƙa, a zuba a gwangwani mai murfi. Kada a soya shi, wuta za ta kashe abin da ake nema. Rabin mudu zai daɗe, amma gara a riƙa yin kaɗan-kaɗan ana sabuntawa wata-wata.

Na ce gero ban ce dawa ba, da dalili. Ko wane makiyayi ya san gyauron dawa na kumbura ciki har ya kashe dabba. Dafin nan, dangin wanda ke cikin rogo mai ɗaci, yana nan cikin saiwa da tsinken tsiron dawa. Murtsukewa da sheƙewa suna fitar da mafi yawansa, tafasawa ta ƙara ragewa, amma tun da ga gero a rumbu, ni ban ga dalilin yi wa jariri da dawa ba. Sauran hani biyu, kuma ba na wasa ba ne. Irin shuka da aka cakuɗa da magani, mai launin ja ko shuɗi, kada ya kusanci tukunya ko an wanke shi sau goma. Tsiron da ya yi fumfuna ko wari kuma a binne shi, kada ma a ba kaji.

Totuwa da dusa

Ba sitaci kaɗai ne doguwar sarƙa a jikin shuka ba. Kara da totuwar masara da dusa da ƙaiƙayi duk sarƙoƙin sukari ne, sai dai ƙullin zarensu dabam ne, almakashin cikinmu ba ya kama shi. Ko wane ƙulli da almakashinsa, kamar kwaɗo da mabuɗi. Saniya ma ba da kanta take narkar da kara ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ke yanka mata.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na totuwa wata sarƙa ce mai suna zailan. A lardin Shandong na ƙasar Sin akwai masana'antar da ke sayen totuwa, ta niƙa, ta turara ta da zafi mai tsanani har ta saki, sa'an nan ta zuba almakashin zailan, ta tsai da aikin lokacin da guntayen suka kai dutse 2 zuwa 7 ko kusa. A tace, a busar, ya fito farin gari mai ɗan zaƙi. A Beljiyam haka suke yi da saiwar wata shuka mai suna cikori, wadda sarƙarta irin ta cikin albasa da tafarnuwa ce.

Me ake yi da garin, tun da cikinmu ba ya narkar da shi? Rashin narkewar ita ce amfaninsa. Yana wucewa har babban hanji, inda dubban miliyoyin ƙananan halittu ke zaune, waɗansu masu taimako, waɗansu masu cuta. Guntayen nan abincin masu taimakon ne, in sun ƙoshi sai su yi yawa su matse wa miyagun wuri. A 1995 masana biyu, Gibson da Roberfroid, suka raɗa wa irin wannan abinci suna firibayotik. Ana zuba shi a madarar gwangwani, da kindirmon kanti, da abincin kaji. Nonon uwa yana da nasa irin guntayen da yawa, bayan sukarin nono da maiƙo su ne na uku wajen yawa. Wake ma yana da nasa, su ne ke sa iskar nan da kowa ya sani, ba sai na faɗa ba.

Wani akawu a Bunguɗu da na ba wannan labari ya tambaye ni ko zai iya zuba garin tsiro a kan niƙaƙƙiyar totuwa ya sami abin sayarwa. Na ce masa a'a, mabuɗin wani kwaɗo ne, kuma aikin yana bukatar tukunyar tururi da injin tacewa da ma'auni. A wurinmu totuwa ta ci gaba da hura wuta, dusa da kara a adana wa dabbobi kafin bazara, su da ke da masu yanka a tumbi.

Inna kuwa geron nan da na ce ta ajiye, ta sheƙe shi ta niƙa. Ba ta ba jariri shi ba, don ya sha ƙasa da ruwa a gona, ba a san abin da ya kwasa ba. Kunun zaƙi take yi da shi ran kasuwa, ludayi ɗaya na garinsa cikin ɗanyen ƙullu, ta ce sukarin da take saye ya ragu. Na jikanta kuma sabo take tsirarwa, rabin mudu duk wata.